Kafin Ka Ɗaura wa Oga Bututun Iska

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka ka sauka Legas lafiya, ka sami inda za ka ajiye haƙarƙarinka, ka gaisa da mutanen da za ka zauna da su. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da na abokin banza. Ummanka ce ta cusa takardar a ƙarƙashin robar dambun naman da ta yi maka, don ta ce ko me za ka manta da shi a jaka, wannan robar dai sai ka buɗe ta.

Na san za ka yi dariya ka ce yau kuma Baba ne da biro. Ni ma hannuna ya fi sabawa da sifana. Amma na san halinka. Da na zaunar da kai a gareji na yi maka maganar baki da baki, sai ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba," ka tashi ka je ka yi abin da ka riga ka ƙulla a ranka. Ban ga laifinka ba, a wurina ka gado. Shi ya sa na rubuta, don ka karanta kai kaɗai, in ka gama ka sake.

Ranar da muke cin tuwo ka miƙo mini wayarka kana murna, ka ce mai garejin da ya ɗauke ka aiki a Lekki, wanda ka riga ka fara kira Oga, yana da wata jar mota tasa ta kansa, mai turbo, da yake fita wasan gudu da ita. Ka ce aikin farko da zai ba ka shi ne ka cire akwatin iskar da kamfani ya sa mata, ka ɗaura wanda ya yo oda daga waje, abin nan da ku yaran yanzu kuke kira intek. Da wannan aikin zai auna ka: in ya gamsu ka zauna, in bai gamsu ba ya nemi wani. Na buɗa hoton da yatsa na duba da kyau. Bututun dogo ne, ya lanƙwasa ya gangara, filtar tana can ƙasa a bayan bamba, dab da taya. Ka ga na tsame hannuna daga kwano, har Ummanka ta ɗauka gishiri ne ya yi yawa a miyar. Miyar lafiyarta ƙalau. Na taɓa ɗaura irin wannan bututun da hannuna, ga shi kuma damina ta kama.

Kada ka ɗauka ina shakkar hannunka. Daga Sabo har Mokola ban ga yaron da ya kai ka tsabtar aiki ba, kuma ba don kana ɗana nake faɗa ba. Kwamfutar duba mota ma kai kake koya mini, ina zare ido kana danne dariya, ka ɗauka ban gani ba. Wannan bututun ko idonka a rufe za ka ɗaura shi. Bakinka nake ji wa tsoro, kuma in ka bi ni a hankali za ka ga dalili.

Ka san Alhaji Garba mai albasa na Kasuwar Shasha, wanda muke gaisawa da shi a ƙofar masallaci ran Juma'a kowa ya kama gabansa. Ba ka taɓa ganinsa a gidanmu ba. To, lokacin kana goye, a kan tabarmar zauren nan yake cin abincin rana kusan kullum. Tare muka tashi, ya ɗan girme ni, Yaya nake ce masa. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya sayi tokunbo, wato kwancen Turai, motar Jamus mai ƙofa biyu da silinda shida, baƙa wuluk. Motar nan ko ba a taɓa ta ba gudu take yi kamar an koro ta. Amma Garba ya je Legas ya ji wata irinta tana gurnani, ya dawo ya kasa sukuni. Ya shigo gareji da wata filta ja mai kama da mazurari a cikin leda, ya ce, "Sani, so nake in na taka ta a Mokola, a ji ni a Sabo." Na ce, "An gama, Yaya."

Na kwance akwatin iskar kamfani, na cusa filtar a bakin bututun haka nan tsirara, na ɗaure. Akwatin kuwa a ranar na miƙa wa 'yan gwangwan, wai yana cin wuri. Muka tayar da mota, Garba ya taka totur, ta yi wani gurnani har masu shayi suka taso kallo. Kaina ya kumbura. Maigidana da ya koya mini aiki, Baba Lamidi, Allah Ya jiƙansa, lokacin ya tsufa ya daina shiga ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna a benci yana taunar goro yana kallon ɓarnarmu. Ya taso a hankali, ya kai tafin hannunsa kusa da filtar, ya janye. Ya ce, "Sani, kilode, me ya faru? Kai in ka yi gudu ka gaji, bakin murhu kake zuwa ka yi numfashi?" Na ce, "Baba, wannan aikin zamani ne." Ya ce, "O da," wato shi ke nan, ya koma bencinsa.

Gaskiyarsa ce. Inji iska mai sanyi yake so, don ita ta fi cika, ta fi ƙona mai da kyau. Filtar da na ɗaura kuwa tana zaune a gefen ƙarfen da hayaƙi ke fita ta cikinsa, iskar da ta dahu a ƙarƙashin bonet take zuƙa. Da sassafe motar ba laifi. Amma da zarar rana ta take, aka shiga cunkoso aka ɗan tsaya, sai ta yi nauyi, ka taka ta yi ta ihu ba ta zuwa ko'ina. Mun sayi ƙara mun sayar da ƙarfi. Saboda haka in za ka zaɓa wa mutum intek, kada ka zaɓa da kunne. Abin da za ka fara tambaya shi ne, daga ina zai shaƙi iska? Wanda yake da akwati rufaffe, bakinsa na kallon gaban mota inda iskar waje ke shigowa, shi ne na kirki. In babu akwati, to a sami shinge tsakanin filtar da zafin inji, mai roba a bakinsa da za ta manne da bonet in an rufe. Kuma kada ƙyalli ya ruɗe ka. Bututun ƙarfe mai walƙiya yana ɗaukar zafi har ya ƙona hannu, baƙin na roba da masu mota suke rainawa sau da yawa ya fi shi amfani. Akwatin kamfani kuma, don Allah, ka wanke shi ka sa a buhu ka miƙa wa mai mota. Ranar da na koma neman na Garba, an riga an farfasa shi.

Ban tsaya nan ba. Da filtar ta yi datti, na ji an ce irinta mai ake shafa mata. Ban tambayi wane mai ba. Na wanke ta da fetur, na kai wa mai faci ya hura ta da iskar taya har tana kumbura, na dawo na shafe ta da baƙin mai kamar mai shafa wa jariri man kaɗanya. Ba a daɗe ba mota ta fara shaƙewa, tana karkarwa in ta tsaya, in an taka sai ta yi jim kafin ta amsa. Na canza fulogi, na zagi gidan mai, na ɗora wa burenbos, kwamfutar motar, laifi. Ashe iyafulo ne, 'yar na'urar nan da ke cikin bututu tana auna iskar da ta wuce, ta gaya wa burenbos yawan man da zai saki. Wayar da ke cikinta ba ta kai gashin kai kauri ba, ni kuma na lulluɓe ta da baƙin mai. Sai da muka sayi wata, kuma ban gaya wa Garba abin da ya kashe ta farko ba.

Kai ka fi ni sanin iyafulo, amma ga abin da kwamfuta ba za ta gaya maka ba. A titunanmu, busasshiyar filta ta fi kwanciyar hankali. In mai shan mai ce, to da sabulunta da manta take zuwa, kuma ɗan kaɗan ake sa mata, a bar ta ta tsotse kafin a mayar. Kada ka kai filta wajen mai faci, iskarsa tana buɗa ramukan da ido ba ya gani. In aka kawo maka sabuwa, ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. In kana ganin haske tsinke-tsinke kamar rariya, mayar musu da abinsu, don duk inda haske ya bi ƙura ma za ta bi, ƙurar kuma a cikin inji yashi ce. In mota ta yi kwanaki tana yawo ta dawo, cire filtar ka shafa yatsa a cikin bututun. In yatsan ya fito fes, filtar ta kirki ce. Sannan ka duba faɗin bututun a daidai inda iyafulo ke zama. Dole ya zo daidai da na kamfani, in ba haka ba na'urar za ta yi ta faɗa wa burenbos ƙarya, mai ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, kuma a mota mai turbo wannan ba abin wasa ba ne. Duk intek ɗin da mai shago ya ce maka yana shiga kowace mota, ba na kowace mota ba ne. Ka nemi wanda aka yi domin wannan injin.

Wajen ɗaurawa kuwa, ka yi yadda ka saba gani ina yi yanzu, ba yadda na yi da ba. Bari inji ya huce, ka cire kan batir. Da ka buɗe bakin turbo ka toshe shi da tsumma mai tsabta, don ko ɗan noti ya faɗa ciki an gama da shi, kuma ka bar jelar tsumman a waje inda dole ka gan ta kafin ka rufe. Iyafulo yana da kibiya a jikinsa, ta kalli wajen inji, kuma kada yatsanka ya taɓa wayar. Ka jera komai sako-sako tukuna, ka ga ya zauna ba tare da ka tanƙwara shi da ƙarfi ba, sannan ka bi kilif-kilif ɗin ka ɗaure. Ka tuna inji yana girgiza, jikin mota ba ya yi, saboda haka dole a sami roba a tsakani, kuma kada bututun ya goga da waya ko tiyon ruwa. Ƙananan tiyoyin nan da ke fitowa daga saman inji su ne ake mantawa, ka ƙirga su kafin ka kwance, ka ƙirga bayan ka haɗa. In ka tayar, ka saurari ko akwai inda iska ke zurarewa tana fito, ka jona kwamfutarka ka ga yadda burenbos ke raba mai, ka fita da ita ka dawo ka sake bin kilif. Ka kuma gaya wa mai mota ya hana masu wanki buɗe bonet su saka wa inji tiyo, wannan al'adar tamu ta wankin inji ranar jajibirin Salla. Akwatin kamfani yana jure ta, buɗaɗɗiyar filta ba ta jurewa.

Duk waɗannan kurakurai ne na rashin sani, kuma waɗanda Garba ya sani ya yafe su tun kafin in roƙa. Wanda ya biyo baya ba na rashin sani ba ne.

Da ya gaji da nauyin motar a cikin rana, sai ya sake zuwa Legas ya dawo da dogon bututu, irin na hoton wayarka sak. Mai sayarwa ya gaya masa iska mai sanyi a ƙasa take, bayan bamba, kuma bai yi ƙarya ba. Da na ɗauki bututun na auna shi a jikin motar, sai na ga matsala. Filtar ba za ta wuce tsakiyar taya ba. Ni kuwa ina yaron aiki Baba Lamidi ya taɓa sa ni na kwance injin wata bas da ta sha ruwa, na ga yadda ƙarfe ya lanƙwashe a ciki. Na san abin da ruwa yake yi.

Amma Garba bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da abokan kasuwarsa, manyan mutane da manyan riguna, sun kewaye motar. Ya dafa kafaɗata ya ce musu, "Kun ga wannan? Ƙanena ne. Duk Ibadan babu makaniki irinsa, ko Yarbawa sun sallama masa." Suka yi ta jinjina kai. Maganar tana bakina, Nafi'u, wallahi tana bakina. Sai na ga kamar in na ce, "Yaya, wannan zai sha ruwa," na nuna a gaban mutane ya sayo abin banza, na zubar masa da girma a daidai lokacin da yake ɗaga nawa. Na haɗiye ta na ce, "An gama, Yaya." Na ce wa kaina ai rani ne, zan gaya masa mu biyu in ya kawo ta juyen mai. Ya kawo ta, muka yi hira, muka ci abinci, yana ta yabon aikin, na sake cewa sai wani zuwan.

Abin da ya ƙara rufe mini baki shi ne aikin ya yi kyau. Motar ba ta taɓa tashi irin na wannan lokacin ba. Ka riƙe wannan, don kai ma haka za ka gani: ranar da ka ɗaura wa Oga bututun nan motar za ta yi daɗi, zai rungume ka, kowa a garejin zai san sunanka. Daga nan maganar za ta ƙara nauyi a bakinka.

Damina ta sauka. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Garba ya tafi tashar Ojoo ɗauko mahaifiyarsa da ta taho daga Arewa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta malalo kan titi. Ruwan bai kai gwiwa ba. Ƙananan tasi suna ratsa shi suna wucewa, har 'yan acaɓa. Garba ya ga tsofaffin motoci sun wuce, ina ga tasa? Ya shiga. Motar ta yi tari ta mutu a tsakiya, tsohuwa na zaune a gefensa.

A nan ma da sauran gyara, da ya san abin da zai yi. Injin da ya shaƙi ruwa ya mutu, in aka bar shi, aka ja motar, aka cire fulogi aka fitar da ruwan, sau da yawa yana tashi. Amma ka san mutanenmu na Ojoo, 'yan dako da masu talla, ba sa ganin nasu a cikin wahala su tsaya kallo. Suka ajiye kayansu suka shigo ruwan, suna cewa, "Sannu Alhaji, sa ta a giya biyu mu tura, yanzu za ta tashi." Suka tura da iya ƙarfinsu, don Allah suka yi. Garba ya saki kuloci. Ya ce ƙara ɗaya ya ji, ƙas, kamar an karya ice. Iska tana matsuwa in fistin ya danna ta, ruwa ba ya matsuwa. Ƙarfen da ke riƙe fistin ya lanƙwashe ya fasa jikin injin.

Aka sa tsohuwa a tasi jiƙe sharkaf, aka jawo motar zuwa gareji. Na cire fulogi, ruwan kwata ya biyo. Garba yana tsaye a kaina, rigarsa ta Juma'a duk taɓo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sani, ka san haka za ta iya faruwa?" Da na ce ban sani ba, da ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Na ce, "Na sani, Yaya." Ya ce, "Kuma muna cin abinci kwano ɗaya." Ya juya ya tafi.

Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara wajen manya ba. Na aika a gaya masa zan nemo inji in ɗora da hannuna, ya aiko aka ja motar aka kai wani garejin. Mota an gyara ta, ya sayar, ya sayi wasu da suka fi ta. Amma bai sake zama a zauren nan ba. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don Garba ba ya magana biyu. Yarda ce ba ta dawo ba. Na yi kewarsa, har yau ina kewarsa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa haka ba sai kai.

Mu mutanen Sabo an yi mana tarbiyyar zama da mutane. A garin wasu aka haife mu, mun iya lallaɓawa, mun iya cewa "no wahala" ko da akwai wahalar, ba ma musu da babba a gaban jama'a. Wannan hali ya rufa mana asiri, kuma ina alfahari da na ga ka ɗauke shi. Amma wanda ya miƙa maka makullin motarsa ba ladabinka ya zo saya ba. Abin da ka sani shi bai sani ba, shi ya zo nema. In ka ɓoye masa don kada ransa ya ɓaci, ka cuce shi, ko da kana durƙushe ka yi.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi. Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ka nemi Oga shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba, ba a gaban abokansa ba. Yarbancinka ya fi nawa, ka rusuna yadda suke so ka ce, "E jo, sa, don Allah ina da magana a kan motar." Ka ɗauko tef ka auna masa daga ƙasa zuwa inda filtar za ta zauna, ya gani da idonsa, sannan ka tambaye shi ina ruwa yake kaiwa a layinsu in an yi ruwan sama. Ya fi ka sanin amsar, Lekki ce. Kada ka je masa da a'a kawai, ka je da mafita. Yawancin irin wannan bututun gida biyu ne, ana iya cire na ƙasan a ɗaura filtar a sama, a yi mata shinge, a yi damina a haka, in rani ya yi ko ranar wasa a busasshen fili a saukar da ita. In nasa ba ya rabuwa, a ajiye shi, a nemi mai akwati, ko a bar na kamfani a sa masa filta mai kyau, don na kamfanin ma ba wawaye suka yi shi ba. In ya ce ai akwai rigar da ake sa wa filta, ka gaya masa rigar tana tare fantsama ne, ba ta hana nutso. In ya ji duk wannan ya ce shi dai a saukar, motarsa ce. Ka ɗaura masa da kyau yadda babu mai kushewa, amma ka gaya masa a fili kada ya shiga ruwan da ya rufe masa kwalta, in kuma ta mutu a ruwa kada ya murɗa makulli, kada ya bari kowa ya tura.

A ganina zai saurare ka. Mutumin da yake son motarsa har ya yo mata oda daga waje ba zai ƙi wanda ya tsare masa injinta ba, kuma mai gareji mai hankali irin wannan yaron yake nema. Na yi shekaru ina gaya wa masu mota abin da ba sa son ji, wasu sun yi fushi sun tafi, yawancinsu sun dawo da motocin 'yan'uwansu.

Amma ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Yana iya yiwuwa ya ɓata rai, ya ce yaro daga Sabo ko kwana bai yi ba zai koya masa mota, ya ce ka ɗauki jakarka. Na san yadda ka ci burin wannan aikin, na san ka yi sallama da kowa a unguwa, har an yi maka addu'a a masallaci. In haka ta faru, kada kunya ta sa ka maƙale a Legas kana kwana a shagon wani kana gaya mana a waya komai lafiya. Ka je tasha ka hau mota ka dawo gida. Ummanka za ta zuba maka tuwo, da safe in miƙa maka sifana mu shiga ƙarƙashin mota, ba zan tambaye ka komai ba. Duk wanda ya tsare ni a Sabo ya ce me ya dawo da Nafi'u, ni zan ba shi amsa da bakina. Zan ce ɗana ya yi abin da ubansa ya kasa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka da bakinka. Ya tsare ka daga ruwa da wuta da faɗuwar jak, Ya ba ka maigida mai jin magana, Ya sa ka riƙe salla a kan lokacinta ko aiki ya kai wuya. Ummanka tana gaishe ka, ta ce kada ka cinye dambun a zama ɗaya, kuma ka kira ta da ka sauka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya sa duk ranar da za mu gan ka mu gan ka cikin alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sani Makaniki.